Ƙwallon Dabino a Gwangwanin Innarki

Kankiya, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ki inda aka tura ki bautar ƙasa lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya maido mana ke da ƙafafunki. Amin.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Dalili biyu ne. Na farko, ke ce 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyata gare ki, kin kuwa san yadda abin yake a wurinmu: shekara ashirin da huɗu ban taɓa zaunar da ke mun yi hirar minti goma ba. Na biyu, maganar ciki ce da bayan gida, wadda uba ba ya yi da ɗiyarsa baki da baki. Shi ya sa na ɗora wa takarda. Innarki za ta ba ki ita yau da la'asar, tunda motarki gobe ce da safe.

Labarin gida ba zan ba ki ba, a cikinsa kike. Maganar ita ce takardar nan mai tambayoyi biyar da likita ya ba ki watan jiya. Innarki ta tsince ta tana shara, ba ta karanta boko, ta kawo mini in duba ko cikin takardun tafiyarki ce. Kada ki ga laifinta. Na karanta, kuma ban buƙaci a fassara mini ba, domin irinta na nan jibge a akwatina. Ciwon da aka ce kina da shi, shi ne nawa. Hanji ne mai saurin harzuƙa, likitoci suna rubuta shi da haruffa uku, IBS. Ba gyambo ba ne, ba tsutsa ba ce. Gwajin jini ba ya nuna shi, hoto ba ya nuna shi. Ciki ya murɗa, ya kumbura, yau gudawa, jibi kuma bayan gida ya ƙi fita. Tunda babu na'urar da ke auna shi, bakin mai ciwon ne kaɗai ma'auni.

Kin san tambayoyin. Tsananin ciwon. Kwana nawa ya same ki cikin goma da suka wuce. Kumburi. Yadda bayan gida ke ba ki wahala. Sai ta biyar, iya yadda ciwon ya shiga cikin rayuwarki. Kowace daga sifili zuwa ɗari, kwanakin a ninka su da goma, jimlar duka ba ta wuce ɗari biyar. Da wannan jimlar likita ke gane ko magani yana aiki, ko a canza shi, ko a duba abincinki. Ke jimlarki tamanin da biyar kika rubuta, a ta biyar kuwa sifili. Wannan lamba ba taki ba ce, Uwani. Na sani ne domin ni ma na taɓa rubuta irinta, kuma zan faɗa miki abin da ta jawo mini.

Shekara talatin da ɗaya ina malamin gona, a nan da kuma Kusada. Cikin aikina har da ma'aunin ruwan sama da ke bayan ofis. Kullum da safe, lokaci guda, in juye abin da ya taru a kwalba mai zane, in durƙusa idona ya yi daidai da zanen, in rubuta. Ban taɓa ƙara milimita ɗaya ba, ban taɓa ragewa ba. Har tsokanata ake yi, wai ko raɓa ce ta faɗa sai na rubuta ta. To, wannan mutumin ne ya yi shekara goma sha ɗaya duk wanda ya ce mashi "Malam, yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi." Maƙwabci da sauƙi, liman da sauƙi, wannan daidai ne, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma har malamin asibiti, wanda na hau babur na je wurinsa takanas saboda ciwon, in ya tambaye ni sai in ce da sauƙi. Shi kuma bawan Allah ya rasa abin kamawa. An yi mini maganin taifot ban san iyaka ba. An ce olsa ce. Na sha jiƙe-jiƙen basir na 'yan kasuwa har bakina ya saba da ɗaci.

Da na kai ga wani likita a Katsina, ya gama gwaje-gwajensa, ya kawar da abin da zai kawar, sai ya miƙo mini takardar nan. Na ɗauki biro na yi ta sa ƙananan lambobi. A raina cewa nake, ga mutane can a kwance an yanke masu ƙafa, ni da na zo da ƙafafuna in rubuta tamanin? Ai butulci ne ga Ubangiji. Ya duba takardar, ya dube ni, na dafe ciki da hannu ina gumi.

"Malam, wane aiki kake yi?"

Na faɗa mashi.

"To in aka yi fari, ka duba kwalbarka ka ga milimita biyu, ashirin kake rubutawa don kada a ce ka yi wa Allah ƙorafi?"

Na ce, "Subhanallahi! Ai sai in cuci manoma, su zuba iri a busasshiyar ƙasa."

Ya ce, "To yau ni ne manomin."

Ban ji daɗin maganar ba, yaro ne a kaina nesa ba kusa ba. Amma gaskiya ya faɗa. Don haka ki raba abu biyu. Wanda ya gaishe ki da jiki, ki ce mashi da sauƙi, alhamdu lillahi, ki wuce. Likita kuwa ba gaishe ki yake yi ba, aiki yake nema ya yi. Ki gode wa Allah a zuciyarki, ki ba likita lambarsa cif. Faɗin abin da ke akwai ba ƙorafi ba ne.

Sai na koma wani kuskuren, wanda da ƙaramin ma'aikaci ne ya yi mini shi a ofis da ya sha faɗa. Akwai masu barin rijistar ruwan sama sai ƙarshen wata su zauna su cike ta da ka. Na tsani wannan ɗabi'a. Amma ni tambayar kwanaki goma a kan bencin asibiti nake cike ta, ina jiran a kira ni. In ranar na tashi garau, sai in ga ai kwanakin baya ma ba laifi, in rubuta biyu ko uku. In na tashi da murɗa, in rubuta goma. Takardata ta yi ta hawa da sauka babu kan gado, likita ya canza magani sau biyu a banza.

Innarki ce ta kama ni. Wata rana ina shirin tafiya asibiti, ina saka hula, ta ce, "Malam, kwana nawa za ka ce masu?"

Na ce, "Uku."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin madara, ta zazzage shi a kan tabarma. Ƙwallon dabino ne, guda bakwai. Ashe tun da ta ji ana tambayar kwanaki, duk ranar da ta cika mini buta fiye da sau uku kafin azahar, ko na ture kwanon tuwo, sai ta jefa ƙwallo ɗaya. Kwana goma su cika, ta zubar, ta sake. Ta ce, "Ni ban iya rubutu ba, amma ni ke cika butar." Na tsaya da hula a hannu. Bakwai na rubuta ranar, kuma daga nan ne magani ya fara tafiya daidai.

Ki nemi ƙaramin littafi. Kullum, lokaci guda, bayan la'asar ya fi, ki rubuta na ranar: ya zo ko bai zo ba, ƙarfinsa nawa, me kika ci. Layi ɗaya ya isa. Kada ki bari sai gobe, domin ciwon jiya ƙarami yake zama in an wayi gari lafiya. Kuma kada ki auna naki da na wani. Ɗari ɗinki shi ne mafi munin da ke kanki kika taɓa ji, ba na matar da ke gadon kusa da ƙofa ba.

Tambaya ta biyar ita ce na fi daɗewa ina yi wa ƙarya, kuma ban san ƙarya nake yi ba. Iya yadda ciwon ya shiga rayuwata? Sifili nake sawa da ƙarfin gwiwa, hujjata ita ce ban taɓa fashin aiki ba. Kuma gaskiya ne, ban taɓa ba. Amma bari in lissafa miki abin da ke cikin sifilin nan.

Na bar sahun gaba a masallaci na koma bakin ƙofa, saboda alwala ba ta zama. Da limamin unguwa ya tsufa aka ce in riƙa jan salla in ba ya nan, na ƙi, mutane suka ce tawali'u ne, na bar su a haka. In zan zagaya gonakin Tafashiya ko Fakuwa ba na karyawa, sai in yini da ruwa kawai, kuma na san kowane kwazazzabo da ke kan hanyar fiye da yadda na san gonakin. An so a mayar da ni Katsina da ƙarin girma, aikin na yawan tafiye-tafiye ne, na ce na fi son kusa da gida.

Akwai Buba, makiyayi ne da ke zaune gefen Fakuwa, yana ɗan noma gero kusa da rugarsa. Mutumin kirki. Duk zuwana sai ya sa a dama mini fura da nono mai kyau a sabuwar ƙwarya. Nono kuwa na cikin abin da ke tayar mini da ciki. Maimakon in faɗa mashi, sai in ce na ƙoshi, ko ina sauri, ko ina azumi. Shekara ta kai huɗu ana haka. Rannan ya karɓi ƙwaryar daga gabana da kansa, ya ce, "Malam, mun gane. Ƙwaryarmu ce ba ta yi maka ba." Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, har ya tashi daga wurin. Kalma biyar da sun wadatar: nono yana ɓata mini ciki. Kunya ta hana ni faɗinsu, na zaɓi mutum ya ɗauka ƙyamarsa nake yi.

Sai ranar da kika gama jami'a. An yi taro a Zariya, innarki ta je, ƙannenki sun je, ni na ce akwai taron 'yan fansho. Babu wani taro. Na yi wanka, na saka babbar riga, na fito har zaure, sai cikina ya juya. Na tuna awowin da zan yi a mota cike da mutane, ba dama in ce direba ya tsaya, na tuna zaman fili ba tashi. Na koma na tuɓe rigar. Na san abin da kika ɗauka. Kin ɗauka kunyar 'yar fari ce, ko kuma abin bai dame ni ba. Ya dame ni. Na ji zafinsa ƙwarai, kuma har yau ina ji. Bayan kwana shida na je asibiti, na zo tambaya ta biyar, na sake rubuta sifili.

To ki lura. Wannan tambaya ba ta nufin ranakun da kika kwanta. Tana nufin abin da kika daina yi, da wurin da kika daina zuwa, da abin da kika ce ba kya so alhali tsoronsa kike ji. Su ne ba a gani, domin mutum yana sabawa har ya ɗauka halinsa ne. Kafin ki sa lamba, ki zauna ki tambayi kanki: cikin kwanakin nan, me na ƙi yi saboda cikina? Abin da kika samu, shi za ki rubuta. Kuma mutanen da za ki zauna da su a can, abincinsu ba irin namu ba ne, za su yi miki tayi don karamci. In abu ba ya yi miki, ki faɗi dalili a taƙaice. Kada ki bar wani ya tafi da abin da Buba ya tafi da shi.

Yanzu sai wanda ya fi nauyi. Kin san baffanki Iro na Yashe, Allah ya jiƙansa, kina aji biyu a sakandare ya rasu. Abin da ba ki sani ba shi ne hannuna a ciki. Lokacin na riga na ƙware da takardar nan, har ina jin kaina rabin likita. Ya zo mini da kukan ciki, wata uku ke nan. Na ce, "Kai, irin nawa ne, a jininmu yake." Na ɗauko takarda ɗaya cikin nawa, na yi mashi tambayoyin biyar a zaure, na haɗa jimla. Ɗari da arba'in. Tawa a lokacin ta haura ɗari biyu da hamsin. Na yi dariya na ce, "Iro, ai ko ƙafata ba ka kamo ba. Ka rage yaji da mai, ka bar shayi da madara." Ya ji daɗi, ya koma gida.

Na ga wuyan rigarsa ya yi mashi yawa. Na gani da idona. Ya kuma ce mini, yana kallon ƙasa, wani lokaci yana ganin jini, na ce basir ne, wa ya rasa shi. Babu rama a cikin tambayoyi biyar ɗin, babu jini, don haka ban sa su a lissafi ba. Wata bakwai suka wuce kafin a kai shi asibiti, aka tarar wani ciwo ne dabam a hanjin, ya riga ya yi nisa. Kwana ya ƙare, wannan na yarda. Amma wata bakwai ɗin nan ni na ci mashi su, da biro da takarda.

Ki riƙe wannan fiye da duk abin da na faɗa. Takardar tana auna nauyin ciwon da likita ya riga ya gano ne, ba ta faɗin wane ciwo ne. Kada ki auna kowa da ita, ko da ƙawarki ce ta ce alamunku ɗaya, ki tura ta asibiti. Ke kanki, in kin ga jini, ko kina ramewa ba dalili, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya fara tashinki daga barci, ko dai ya canza kama ya zama ba wanda kika sani ba, ki ajiye littafin ki tafi wurin likita a ranar. Ko jimlarki goma ce.

Saura kuskurena a kanki. Tun kina 'yar shekara sha shida na gane. Na ga kin bar shayin safe ranakun makaranta. Na ga in za a tafi biki ko suna, ke ce mai cewa za ki tsare gida. Na ga yadda kike zaɓar mazaunin bakin ƙofa a mota. Babu wanda zai fi ni sanin ma'anar waɗannan. Abin da na yi shi ne in tambayi innarki, "Yaya jikin yarinyar nan?" ta je ta tambaye ki, ta dawo ta ce, "Ta ce da sauƙi." Ni kuma in ce madalla. Ni, da na san nauyin wannan amsa sarai. Shekara takwas ina karɓarta daga gare ki domin ta fi mini sauƙin ji. Da na yi magana tun lokacin, da ba sai watan jiya za ki ga likitan da ya dace ba.

Jiya na tambayi innarki ko tana ganin tamanin da biyar ɗin nan daidai ne. Ta tashi ta ɗauko gwangwani. Ba nawa ba, wani ne dabam, na tumatir. Ashe biyu take ajiyewa, tun shekarun baya. Ta zazzage: shida, ta ce na watan jiya ma haka suke. Ke kuwa biyu kika rubuta wa likita.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. A gidan nan, ko kin ɓoye, akwai mai ƙirga miki. Inda za ki babu. Sansani ne na makonni, layi a makewayi, fareti tun da sassafe, bayansa kuma shekara guda cikin mutanen da ba su san yadda fuskarki take ba in kina lafiya, balle su gane in ta canza. In kika ce da sauƙi, za su yarda. Za ki daina karyawa, ki daina fita, ki rage nan ki rage can, har ki wayi gari kin tsufa a bakin ƙofar masallaci kamar ubanki, kina rubuta sifili. Ba na so. Da zarar kin isa ki nemi asibitin sansanin, ki nuna masu takardar likitanki, ki sake cike tambayoyin da gaskiya.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban saba roƙonki ba. Duk kwana goma ki turo mini lambobi biyar ta waya. Ba sai kin yi bayani ba, ba sai mun yi maganar da baki ba, kunyarmu tana nan yadda take. Lambobi kawai. In na ga suna hawa, zan ce ki je asibiti, ke kuma ki je. Kuma tunda ba daidai ba ne in nemi abin da ban bayar ba, ga nawa na kwana goman da suka wuce, ban taɓa nuna wa kowa a gidan nan ba. Ciwo, sittin. Kwanaki, bakwai, gwangwani ya tabbatar. Kumburi, hamsin. Bayan gida, sittin da biyar. Ta biyar na daɗe a kanta da biro a hannu. Tamanin.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya ba ki lafiya mai amfani, ya sa ki gama abin da kika je yi cikin mutunci. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan wadda kika ci sunanta, ya jiƙan Iro, ya yafe mini. Amin.

Gobe ba ƙaninki ne zai raka ki Kano ba, ni ne, har sai na ga tashin motarku. Na je tasha ɗazu na sami direban da zai kai mu Kano, a gaban mutane na faɗa mashi ina da ciwon ciki, in na ce ya tsaya, ko a Yashe ne ko a tsakiyar daji, ya tsaya. Ya ce ba komai, Baba. Shekara talatin ina tsoron wannan magana, ashe iyakarta ke nan. In ke ce kika buƙaci tsayawar, ki taɓa kafaɗata kawai, ni zan yi magana, za a ɗauka nawa ne.

Wassalam.

Mahaifinki.